Hadda, zanen sanda, lissafin kasuwa ko rabon rukuni: wace hanya ce ta dace da ajinka?

A wani aji biyar da na taɓa karɓa a tsakiyar zango, na rubuta wannan tambaya a allo: 'yan rakiyar amarya su 100 ne, kowace bas tana cin mutum 18, bas nawa za a ɗauko? Yaran da suka fi ƙoƙari suka yi rabawarsu tsaf, suka kawo mini littattafai da amsa iri ɗaya, "5 saura 10". Na tambayi wata yarinya a layin gaba, "To su goman nan fa, a ƙasa za su bi amaryar?" Ta rufe baki tana dariya ta ce, "Malam, ai sai a ƙaro mota ɗaya." Ashe ta san amsar tun farko. Abin da ba ta sani ba shi ne an yarda hankalinta na gida ya biyo ta cikin darasin lissafi.

Wannan ciwo ba na yaranmu kaɗai ba ne. A farkon shekarun 1980, a jarrabawar auna ilimi ta ƙasa a Amurka, an tambayi 'yan shekara 13 cewa sojoji 1,128 za su yi tafiya, kowace bas tana ɗaukar 36, bas nawa ake buƙata. Wajen kashi 70 cikin 100 sun yi rabawar daidai, amma kashi 23 kacal suka ce 32. Kashi 29 "31 saura 12" suka rubuta. A birnin Grenoble na Faransa kuwa, wajen 1980, masu bincike sun ce wa ƙananan yara: a cikin jirgin ruwa akwai tumaki 26 da awaki 10, shekarun matuƙin jirgin nawa? Yara 76 cikin 97 suka sarrafa lambobin suka fito wa matuƙi da shekaru.

Idan masana suka ce a koyar da lissafi a matsayin siffanta al'amari, wannan giɓi suke so a cike. Tafiya ce mai zango huɗu. Yaro ya fahimci abin da ke faruwa a zahiri. Ya siffanta shi da tsakuwa ko zane ko lambobi, ya ajiye abin da ba shi da amfani. Ya yi lissafin. Sannan ya dawo da amsar wurin 'yan rakiyar amarya ya ga ko ta zauna. Yawancin azuzuwanmu zango na uku kaɗai suke koyarwa, daga baya a ce yara ba sa gane tambayoyin labari. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Wanda nake yi wa wannan bayani shi ne hedimasta ko mai makaranta ko malamar aji da ta ji sunayen hanyoyi daban-daban a wurin bita, kowace ana yabon ta, ga zango ya kusa farawa, ga kuɗi da lokaci ba yawa. Hanyoyi huɗu ne suka fi zuwa gaban mutum a irin wannan hali: hadda da maimaici, zanen sanda na Singafo, lissafin rayuwa na Holan, da koyarwa bisa matakin yaro wadda ta taso daga Indiya.

Ma'aunan da zan yi amfani da su

Na farko kuma mafi nauyi a wurina: shin hanyar tana kai yaro daga zahiri zuwa lamba, ta kuma dawo da shi? Na biyu, saurin hannu. Yaron da sai ya ƙirga yatsu kafin ya san 7 sau 8, ƙwaƙwalwarsa ta gaji kafin ya kai ga tunanin labarin. Na uku kuɗi, kuma kuɗin kashi biyu ne: na kayan aiki da na horar da malami, na biyun ne mutane suka fi mantawa. Na huɗu ɗorewa: idan masu bita suka tafi, aka yi wa malamin canjin wurin aiki, gara ta ci littattafan, me zai rage? Na biyar sauƙi a babban aji. Manufar ilimi ta Nijeriya ta ce ɗalibai 35 ga malami ɗaya a firamare, amma duk wanda ya tsaya gaban yara 90 a kan tabarma ya san hanyar da ba ta jure cunkoso ba ta da amfani a gare shi. Na ƙarshe haɗari, wato yadda hanyar take lalacewa idan ta faɗa hannun wanda bai ƙware ba.

Don kada magana ta tsaya a iska, zan bi da kowace hanya ta kan tambaya ɗaya: Ladi da Talatu sun tara naira 900 a asusu. Kuɗin Ladi sun fi na Talatu da naira 200. Nawa kowace ta zuba?

Hadda da maimaici

Ita muka gada, kuma ba zan raina ta ba. Al'ummar da yaranta ke haddace izu sittin ta san abin da maimaici yake yi wa ƙwaƙwalwa. Malam ya yi misali a allo, aji ya rera jadawalin sau, a ba da tambayoyi ashirin iri ɗaya. Ko ƙasashen da suka yi nisa ba su yar da ita ba. Tun 2022 Ingila ta wajabta wa 'yan aji huɗu gwajin jadawalin sau har zuwa 12 sau 12, tambaya 25, kowace da daƙiƙa shida. Tsarin Kumon da wani malamin Japan, Toru Kumon, ya fara a 1954 don ɗansa, takardun maimaici ne daki-daki, kuma ya bazu duniya. A Nijar ma, shirin da hukumar JICA ta Japan ta tallafa ya sa kwamitocin makarantu suna shirya wa yara ƙarin awoyi na aikin littafin maimaicin lissafi bayan an tashi.

Wajen kuɗi ba ta da na biyu, alli da allo sun isa. Tana ɗorewa domin kowane malami da ita aka koyar da shi. Ko yara ɗari ne a aji za su rera tare.

Amma ka ba yaron hadda tambayar Ladi da Talatu. Zai ga 900 da 200, ya ga kalmar "fi", ya tara su ya ce 1,100. Wani ya raba biyu ya ce 450, ya bar 200 ɗin a gefe kamar ba da ita ake ba. Babban haɗarin wannan hanya shi ne dabarar farautar kalma da malamai da yawa ke koyarwa da kyakkyawar niyya: in ka ga "gaba ɗaya" ka tara, in ka ga "saura" ka ɗebe. Gwada wannan a ajinka gobe: Audu ya kashe naira 300 a kasuwa, saura 200 a aljihunsa, nawa ya fito da su daga gida? Ka ƙirga waɗanda za su ce 100. Hadda tana ba da ma'auni na biyu cikakke, ta bar na farko fanko.

Zanen sanda na Singafo

A nan zan daɗe, domin ita ce nake ganin an fi yi wa mummunar fahimta. A farkon shekarun 1980 ma'aikatar ilimi ta Singafo ta lura yaranta suna iya lissafi amma suna faɗuwa a tambayoyin labari, irin matsalarmu sak. Wata tawaga a ƙarƙashin Dokta Kho Tek Hong ta fito da hanyar zana adadi a matsayin doguwar sanda mai kusurwa huɗu. Tushenta tunanin Jerome Bruner ne, masanin Amurka da ya ce yaro yana fara koyo da abin da ya taɓa, sannan hoto, sannan alama. Tun gwajin ƙasa da ƙasa na TIMSS na 1995 Singafo take sahun gaba a lissafi, kuma 'yan aji huɗunta ne suka zo na ɗaya a 2015 da 2019.

Ga yadda take bi da tambayarmu. Yaro ya zana sanda ɗaya ta Talatu. A ƙarƙashinta ya zana ta Ladi, tsawonsu ɗaya, sai ya ƙara mata wani guntu ya rubuta 200 a kai. Ya ja baka ya haɗe su biyun ya rubuta 900. Daga nan gani ya kori ji: in aka yanke guntun, sanduna biyu masu tsawo ɗaya sun zama 700, kowace 350. Talatu 350, Ladi 550. Ya tara ya ga 900, ya ɗebe ya ga 200. Ba wanda ya ce masa ya tara ko ya ɗebe, zanen ne ya faɗa masa.

Inda take burge ni shi ne sanda ɗaya tana raka yaro daga aji biyu har ƙaramar sakandare. Manomi ya sayar da kashi uku cikin biyar na geronsa, saura buhu 8, buhu nawa ya noma? A zana sanda, a tsaga ta gida biyar, a shafe uku. Gida biyu buhu 8, gida ɗaya 4, duka 20. Yaron da ya saba da wannan, ranar da aka kawo masa aljabara zai gane cewa harafin nan da ake rubutawa sunan gida ɗaya ne na sandarsa. Haka rabon gado: sumunin mata, sudusin uwa, a sanda mai gida 24 kowa zai ga rabonsa da ido. Ba baƙon abu ba ne a tarihinmu, domin babban ɓangare na littafin aljabara da Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820 a kan wasiyya da gado yake.

Kuɗi fa? A nan mutane ke ruɗewa. Littattafan Singafo na asali daga waje ake kawo su, farashinsu yana bin dalar Amurka, da Turanci aka rubuta su, misalansu na kuɗi da abinci na wata duniya ne, kuma littafin aikin yaro sau ɗaya ake cike shi a sake saye. Ingila da ta rungumi irin wannan koyarwa sai da ta ware fam miliyan 41 a 2016 don horo da littattafai. Amma ita hanyar kanta ba ta buƙatar ko ɗaya daga ciki. Murafun kwalaben lemo, 'ya'yan dabino, karan dawa da aka yanka tsawo daban-daban, da alli, sun wadatar. Ainihin kuɗin yana wajen malami. Sai ya zauna ya warware tambayoyi da yawa da sanda da hannunsa kafin ya tsaya gaban yara, kuma wannan aikin makonni ne, bitar yini ɗaya ba ta yi.

Tana ɗorewa idan malamai biyu ko uku a makaranta suka iya, domin abin da ke kan mutum gara ba ta ci. Tana kuma jure babban aji: zane ɗaya a allo kowa na gani, kuma malam yana zagayawa zai gane wanda ya ɓata da kallo ɗaya, tun da kuskuren tunani a fili yake fitowa a zane.

Haɗarinta biyu. Na farko a tsallake matakin taɓawa a faɗa zane kai tsaye, yaro ɗan aji ɗaya bai san me sandar take wakilta ba. Na biyu ya fi ɓoyuwa: sandar ta koma wata haddar. Na ga aji inda yara ke fara yin lissafi su sami amsa, sannan su zana sanda a ƙasa don malam ya ba da maki. In ta kai haka an yi asarar alli. Kada kuma a yi tsammanin mu'ujiza. Gwajin da aka yi a makarantun Ingila a kan wani shiri mai bin wannan salo ya nuna ƙarin ci gaba na kimanin wata biyu a shekarar farko ga 'yan aji ɗaya. Riba ce ta gaske, amma a hankali take taruwa.

Lissafin rayuwa na Holan

Hans Freudenthal, wanda ya rayu daga 1905 zuwa 1990, babban masanin lissafi ne da ya kafa cibiya a Utrecht a 1971, wadda yanzu take ɗauke da sunansa. Ra'ayinsa shi ne lissafi aiki ne da ɗan Adam yake yi, don haka a bar yaro ya sake gano shi da jagorancin malam, maimakon a miƙa masa dokoki a dafe. Ana fara darasi da hali na gaske. A Holan sun shahara da misalin bas: fasinja na hawa, fasinja na sauka, daga nan tarawa da ɗebewa suke fitowa.

A tambayar Ladi, malam ba zai nuna hanya ba. Zai raba yara uku-uku ya ba su kuɗin takarda. Wasu za su raba 450-450, su ɗauki 200 daga hannun Talatu su ba Ladi, su ga tazarar ta zama 400, su yi gardama har su gano 100 ya kamata a matsar. Wasu su yi ta gwaji: 500 da 400, a'a, 600 da 300, ya yi yawa. Sai a fito da hanyoyin a allo a kwatanta wacce ta fi gajarta. Darasi guda zai iya ƙarewa a kan tambaya ɗaya tak.

Kayan aikinsu da na fi so shi ne layin lamba wanda ba a tsaga ba. Don ɗebe 28 daga 63, yaro ya ja layi, ya sa 28, ya yi tsalle 2 zuwa 30, tsalle 30 zuwa 60, tsalle 3 zuwa 63. Amsa 35. Duk wanda ya taɓa karɓar canji a hannun mai shago ya san wannan lissafin. Yaranmu da shi suke zuwa makaranta. A 1985 masu bincike a Recife ta Burazil, Nunes da Carraher da Schliemann, sun gwada yara masu sayar da kaya a titi. A wurin sana'a sun ci kusan kashi 98 cikin 100 na tambayoyin, da aka ba su lambobin iri ɗaya a takarda sai suka ci kashi 37. Ba ina yabon talla ba ne, wurin yarinya aji ne. Amma idan ta zo ajin, zunubi ne a nuna mata cewa lissafin da ke kanta ba lissafi ba ne. Dubi yaron Maraɗi ko Damagaram: a kasuwa da dala yake ƙirga, dala ɗaya tamma biyar, wato sefa biyar, dala ashirin sefa 100. Kullum yana ninkawa da biyar yana rabawa da biyar a ka, sannan a aji a ce bai iya jadawalin biyar ba.

A ma'auni na farko babu wadda ta kai ta. Kayan aiki kusan kyauta ne: mudu, tiya, igiyar awo, lissafin adashe, kuɗin mota. Amma ita ce mafi tsada wajen malami. Tana son wanda ya san lissafi sosai har zai gane tunanin yaro ko da ya zo a karkace, ya kuma iya juya hayaniyar yara ta zama darasi. A aji mai yara 90 da minti 35, wannan jan aiki ne. Tana kuma tafiya da mutum: ranar da gwanin malamin ya bar makarantar, hanyar ta bi shi.

Haɗarinta shi ne yaro mai rauni ya ɓace a tsakanin hanyoyi biyar bai riƙe ko ɗaya ba, ko a yi ta labarin kasuwa ba a taɓa isa ga lissafin ba. A Holan ɗin kanta an yi zazzafar muhawara a kan haka, musamman a kan doguwar rabawa. A 2009 majalisar masana kimiyya ta ƙasar ta duba binciken da ake da shi, ta ce bai nuna ɗaya ta fi ɗaya a fili tsakanin wannan hanya da ta gargajiya ba, kuma ingancin malami ne ya fi tasiri. Indunisiya ta ɗauki hanyar tun farkon shekarun 2000, amma ta sake gina misalan da kayan ƙasarta, abin da duk mai son gwadawa a nan zai yi ke nan.

Koyarwa bisa matakin yaro

Wannan, wadda aka fi sani da gajeren sunanta na Turanci, TaRL, ba kishiyar sauran ba ce, magani ce ta wani ciwo daban. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta ƙirƙiro ta, kuma masana tattalin arziki irin su Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 2019, sun gwada ta sau da yawa a makarantun talakawa masu cunkoso. Zambiya ta fara ta a 2016. A Nijeriya an gwada ta a Borno daga 2018, sannan a Kano a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa.

Ana gwada yara ɗaya bayan ɗaya, da baki, cikin 'yan mintuna: ya gane lamba ɗaya? Lamba biyu? Ya iya ɗebewa mai aro? Rabawa? Sai a ajiye maganar aji, a haɗa su rukuni bisa abin da suka iya na awa ɗaya ko fiye a rana. Ana aiki da tsinkaye da ɗauri, tsinke goma ɗauri ɗaya, don yaro ya ga da idonsa cewa "aro" kwance ɗauri ne. Ana kuma fara darasi da ɗan labari: me aka ba mu, me ake tambaya, me za mu yi, don me? Da kuɗin takarda yaran rukunin sama za su iya taɓa tambayar Ladi, amma ba nan ƙarfinta yake ba. Iyakarta ginshiƙai huɗu na lissafi: tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa.

Kayan aikinta tsinken tsintsiya da kwali ne. Tsadarta tana wajen sa ido: jami'an da suka koyar da hanyar da kansu suna zagayawa suna taimakon malamai, da sake gwaji a kai a kai. In wannan ya tsaya, rukunai sukan narke kowa ya koma ajinsa. Haɗari na biyu shi ne rukunin ƙasa ya zama tambari a goshin yaro, alhali an yi shi ne don ya fita da wuri.

| Ma'auni | Hadda | Zanen sanda | Lissafin rayuwa | Matakin yaro |
|---|---|---|---|---|
| Daga zahiri zuwa lamba da dawowa | Rauni | Ƙarfi | Mafi ƙarfi | Matsakaici |
| Saurin hannu | Mafi ƙarfi | Matsakaici | Rauni in ba a kula ba | Ƙarfi a tushe |
| Kuɗin kaya | Kusan babu | Kaɗan, da yawa in da littafin waje | Kaɗan | Kaɗan |
| Horon malami | Kaɗan | Makonni | Dogon lokaci | Kwanaki, da sa ido kullum |
| Ɗorewa | Sosai | Da kyau | Tana bin malami | Tana bin masu sa ido |
| Babban aji | Tana jurewa | Tana jurewa | Da wuya | Don shi aka yi ta |
| Yadda take lalacewa | Farautar kalma | Zane ya zama ado | Labari ba lissafi | Rukuni ya zama tambari |

Akwai abu ɗaya da jadawalin bai nuna ba, kuma ya shafi dukkansu: harshe. Yaron da bai gane labarin ba ba zai siffanta shi ba, komai kyan hanya. Ko da jarrabawa da Turanci za a yi, a fara faɗin labarin da Hausa, yara su maimaita shi da bakinsu, sannan a juya. Ƙirgarmu ma taimako ce. "Goma sha biyu" da kanta ta faɗi goma da biyu, abin da kalmar Turanci ta ɓoye. Tsohuwar da ta ce "ashirin ba biyu" tana nufin 18, ta riga ta yi tsalle baya a kan layin lamba.

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

In makarantar gwamnati kake riƙe da ita, kuma ka gwada 'yan aji huɗu ka ga rabinsu ba sa iya ɗebe 28 daga 63, kada ka fara da komai sai rabon rukuni. Zanen sanda a kan yaron da bai san gurbin goma ba gini ne a kan rairayi. Ka ba shi zango ɗaya ko biyu, ka sa wa kanka ranar sake gwaji, kuma kai da kanka ka zama mai sa idon in babu wanda zai zo daga ofishin ilimi.

In yaranka sun riƙe tushe amma tambayar labari ke kayar da su, zanen sanda ne zaɓina ba tare da jinkiri ba, kuma shi nake ba mafi yawan makarantu shawara su mayar ƙashin bayan darasi daga aji biyu zuwa shida. A darasin minti 35, bakwai na farko hadda ce mai zafi, ashirin a kan tambaya biyu ko uku da murafu da zane, sauran kuma na tambaya ɗaya da ba a tsallakewa: wannan amsar, in aka kai ta gida, za ta yi aiki? A nemi malamin da ya taɓa halartar horon SMASE, wato shirin horar da malaman lissafi da kimiyya, wanda aka fara a 2006 a jihohin Kaduna da Neja da Filato, domin an koya musu haɗa kayan koyarwa daga abin da ke kusa.

Mai makarantar kuɗi da dillali ya kawo wa jerin littattafan waje, ina roƙonka ka sayi saiti ɗaya na malamai, ragowar kuɗin ka biya su zaman awa biyu duk mako suna warware tambayoyi tare suna mayar da misalan zuwa naira da mudu. Littafi mai sheƙi a jakar yaro yana faranta ran iyaye, amma malamin da bai iya zana tambayar Ladi ba zai koyar da shi ne da hadda.

Malama mai ƙwarewa da aji bai wuce yara arba'in ba, ke ce za ki ci moriyar hanyar Holan. Ko ke ma ki fara da rana ɗaya a mako, ki tabbata kowane darasi ya ƙare da hanya ɗaya da aka rubuta a allo kowa ya kwafa. Layin lamba kuwa kowa ya ɗauka, ko wace hanya yake bi.

In aji shida ne kuma jarrabawar shiga sakandare saura wata uku, ba lokacin sauya tsari ba ne. Ka ci gaba da maimaici, ka koya musu zane iri biyu kawai, na kashi da jimla da na kwatanta biyu, ka kuma hana farautar kalma daga yau.

Uwa ko uba da ke son taimaka wa yaro a gida ba sa buƙatar ko ɗaya daga sunayen nan. Idan za a aike shi, a ce ya faɗi canjin da zai dawo da shi kafin ya fita. Idan baƙi takwas za su zo kuma mudu ɗaya na shinkafa yana isar mutum biyar, a tambaye shi mudu nawa za a auno, a kuma saurari dalilinsa har ya gama.